Samuel Coleridge-Taylor: Ɗan Saliyon da mawaƙan sa-kai suka ɗaukaka sunansa

A farkon ƙarni na 20, da wuya a sami wani gari mai ɗan girma a Ingila da ba a rera waƙar Hiawatha a cikinsa ba. Wanda ya tsara kiɗanta kuwa wani matashi ne baƙar fata, ɗan wani likita daga Saliyo, mai suna Samuel Coleridge-Taylor.

Akasarin waɗanda suka riƙa rera wannan waƙa ba waƙa ce sana'arsu ba. Malaman makaranta ne, da akawuna, da ma'aikatan masaƙu, da masu kantuna, da matan aure, waɗanda kan haɗu sau ɗaya a mako bayan an tashi daga aiki. Ba a biyan su ko kwabo. Su ne ma ke biyan kuɗin ƙungiya, sannan kowa ya sayi littafin waƙar da kuɗin aljihunsa.

Waɗannan mutane su ne suka kai sunan Coleridge-Taylor har fadar shugaban Amurka. Sai dai kuma kuɗin da suka kashe bai shiga hannunsa ba. Lokacin da ya mutu a shekarar 1912, yana da shekaru 37, sai da aka shirya taron neman taimako domin iyalinsa.

Asalinsa

An haife shi ne a ranar 15 ga watan Agusta na shekarar 1875 a unguwar Holborn da ke birnin Landan. Mahaifinsa, Dokta Daniel Peter Hughes Taylor, ɗan ƙabilar Kiriyo ne na Saliyo, wanda ya je Ingila karatun likita. Mahaifiyarsa, Alice Hare Martin, Baturiya ce. Ba su yi aure ba, kuma likitan ya koma Afirka ta Yamma tun kafin a haifi yaron. Daga baya ya yi aikin gwamnati a Gambiya, inda ya mutu a shekarar 1904. Shi kansa Samuel bai taɓa taka ƙasar Afirka ba har ƙarshen rayuwarsa.

An raɗa masa suna ne daga sunan wani shahararren marubucin waƙoƙi na Ingila, Samuel Taylor Coleridge, abin da ya sa har yau wasu kan rikita mutanen biyu.

Ya tashi a garin Croydon, kudu da Landan, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Mijin da mahaifiyarsa ta aura daga baya ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A nan ya fara koyon gogen Turawa, ya kuma shiga sahun yara masu rera waƙa a coci a ƙarƙashin wani Kanar Herbert Walters, wanda ya lura da baiwarsa ya tsaya masa. A shekarar 1890, yana ɗan shekara 15, ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Sarauta, wato Royal College of Music. Da goge ya fara, amma ba da jimawa ba ya koma fannin tsara kiɗa a hannun Charles Villiers Stanford, malamin da aka sani da zafin rai da tsananin horo.

Launin fatarsa ya jawo masa gori tun yana makaranta, kuma gorin bai rabu da shi ba ko bayan ya yi suna. 'Yarsa ta ba da labarin yadda matasa kan yi masa ba'a a kan titi, da yadda yakan ƙara damƙe hannunta idan ya hango su.

Ƙasar da masu sana'a ke waƙa da dare

Kafin a fahimci abin da ya same shi, sai an san irin duniyar waƙar da ya tarar.

A ƙasar Hausa, mawaƙi ne ke jan waƙa, 'yan amshi su karɓa masa. A irin wannan waƙa ta Turai kuwa, taron ne mawaƙin. Akan raba mutane gida huɗu bisa ga murya: mata masu siririyar murya, da mata masu ta ƙasa, da maza masu ta sama, da maza masu kakkaura. Kowane gida da abin da aka rubuta masa a takarda, kuma duk a lokaci guda suke rerawa, tare da makaɗa sittin ko fiye. Idan gida ɗaya ya kauce, sauran ma sun shiga uku.

A Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria, irin waɗannan ƙungiyoyi sun cika ƙasa. Abubuwa biyu ne suka taimaka. Na farko, wani limamin coci mai suna John Curwen ya yaɗa wata hanya mai sauƙi ta karanta waƙa da haruffa, wato do, re, mi, ta yadda ma'aikacin da bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba zai iya bin takarda. Wannan hanya ce mishan suka kawo Afirka ta Yamma, kuma har yanzu mawaƙan coci da dama a Najeriya da Ghana da ita suke aiki. Na biyu, kamfanin ɗab'i na Novello ya fara buga manyan waƙoƙi a ƙananan littattafai masu araha tun daga shekarun 1840.

Ƙungiyar mawaƙa ta Huddersfield an kafa ta a 1836. Ta babban zauren Royal Albert Hall, wadda daga baya aka sa wa suna Royal Choral Society, an kafa ta a 1871. A ginin Crystal Palace, wanda ba shi da nisa da Croydon, an riƙa shirya bukukuwan tunawa da Handel tun daga 1857, inda dubban mutane kan tsaya su rera waƙa guda.

Tsarin dai kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana biyan makaɗa, ana biyan fitattun mawaƙa uku ko huɗu da ke rera baitocin mutum ɗaya, ana biyan madugun da ke tsaye a gaba da sanda. Ɗaruruwan da ke baya kuwa sa-kai suke yi. Mawaƙan taro masu albashi 'yan kaɗan ne, galibi a manyan majami'u da gidajen wasan opera.

Tun a lokacin akwai masu sukar wannan al'ada. Marubuci George Bernard Shaw, wanda ya yi aikin sharhin kiɗa a jaridu, ya sha yin ba'a ga tarukan Crystal Palace. A ganinsa yawa ya kashe daɗi, domin dubban muryoyi ba sa iya sauri, ba sa iya juyawa. Ya nemi a rera waƙar Messiah ta Handel da ƙwararru ashirin kacal waɗanda suka sha atisaye. Yana da hujja, domin lokacin da Handel da kansa ya fara gabatar da ita a Dublin a shekarar 1742, mawaƙan taron kimanin talatin ne, kuma na majami'u ne. Amma a zamanin Shaw ba a saurare shi ba.

Daren 11 ga Nuwamba, 1898

Shekarar 1898 ce ta buɗe wa Coleridge-Taylor ƙofa. An nemi Edward Elgar ya tsara wani kiɗa domin bikin Three Choirs da za a yi a Gloucester, amma ayyuka sun yi masa yawa, sai ya ba da sunan wannan matashi. Kiɗan da ya kai, mai suna Ballade, ya karɓu ƙwarai a watan Satumba.

Watanni biyu bayan haka, a ranar 11 ga Nuwamba, Stanford ya jagoranci ɗaliban kwalejin suka rera sabon aikinsa, Hiawatha's Wedding Feast, wato Walimar Auren Hiawatha. Kalmomin ya ɗauko su ne daga doguwar waƙar da Ba'amurke Henry Wadsworth Longfellow ya wallafa a 1855 game da wani gwarzo na 'yan asalin Amurka. Zauren ya cika maƙil har aka mayar da wasu. Sir Arthur Sullivan, wanda ba shi da lafiya a lokacin, ya dage sai da ya halarta. Mai kiɗan yana da shekaru 23.

Me ya sa ƙungiyoyin sa-kai suka yi rububin wannan aiki? Dalilan a fili suke ga duk wanda ya saurare shi. Karin waƙar yana shiga kunne tun daga jin farko. 'Yan jigogi kaɗan ne ake ta juyawa, ana sauya musu launi ta hanyar makaɗa, saboda haka wanda ya koyi shafukan farko ya riga ya san rabin hanya. Sau da yawa gidajen muryar huɗu tare suke tafiya, ba kowa da nasa lokacin shiga ba. Ba a tilasta wa murya hawa inda sai ƙwararre ke iya kaiwa. Aikin bai wuce minti 35 zuwa 40 ba, kuma mawaƙi ɗaya tak ake buƙatar ɗauka haya, abin da ya yi wa ƙananan ƙungiyoyi daɗi ta fuskar kuɗi.

Bugu da ƙari, labari ne na biki da rawa da baƙin sunaye, a lokacin da kusan duk manyan waƙoƙin taro daga Littafin Baibul ake ɗauko su. Mutanen da suka shekara talatin suna maimaita Messiah da Elijah sun sami sabon abu.

Wasu masu sharhi sun ɗauki wannan sauƙi a matsayin rauni. Amma rubuta abin da mutum ɗari biyu marasa horo za su rera ya fito da kyau, gwaninta ce mai zaman kanta, kuma manyan masu tsara kiɗa da yawa ba su da ita. Coleridge-Taylor a cikin sahun mawaƙa ya girma. Ya san inda numfashi ke ƙarewa.

Nan da nan aka nemi ci gaba. Kashi na biyu, Mutuwar Minnehaha, an fara rera shi a garin Hanley a watan Oktoba na 1899. Kashi na uku, Tafiyar Hiawatha, ƙungiyar Royal Choral Society ce ta rera shi tare da sauran biyun a Royal Albert Hall a ranar 22 ga Maris, 1900, shi da kansa yana jagoranta. Tsakanin waɗannan biyu ne ya auri Jessie Walmisley, wadda suka yi karatu tare, duk da adawar da danginta suka nuna saboda launinsa. Ɗansu na fari Hiawatha aka sa masa.

Fam 15 da sule 15

Tun kafin daren farko, Coleridge-Taylor ya riga ya sayar wa kamfanin Novello haƙƙin mallakar Walimar Auren Hiawatha ɗungurungum a kan gini 15, wato fam 15 da sule 15. Babu wani kaso da zai riƙa samu daga ciniki.

Littafin ya yi kasuwa irin wadda ba a saba gani ba. Duk ƙungiyar da za ta rera waƙar sai ta sayi kwafi ɗari ko ɗari biyu ko fiye, domin kowane mawaƙi da nasa. A tsawon shekaru an sayar da ɗaruruwan dubbai. Ke nan yawan 'yan sa-kai, wanda shi ne tushen ɗaukakarsa, shi ne kuma ma'aunin asarar da ya tafka.

Adalci ne a faɗi cewa sayar da aiki gaba ɗaya ba baƙon abu ba ne a wancan zamani, kuma kamfanin ya yi kasada da kuɗinsa a kan ɗalibin da ba a sani ba. Amma bayan da ciniki ya bayyana, yarjejeniyar ta zauna yadda take.

Abin da ya faru a Birmingham

A watan Oktoba na 1900, babban bikin kiɗa na Birmingham ya haɗa ayyuka biyu da suka nuna ƙarfi da raunin mawaƙan sa-kai a mako guda. Ɗaya Hiawatha ce. Ɗayan kuma sabon aikin Elgar ne, The Dream of Gerontius, wanda a yau ake lissafawa cikin mafi girman abin da Ingila ta samar.

Aikin Elgar mai wuya ne. Yakan raba taron gida takwas, ya ware wani ƙaramin rukuni daban, ya kuma bar muryoyi su yi tafiya mai nisa ba tare da makaɗa sun tallafe su sosai ba. Mai horar da mawaƙan, Charles Swinnerton Heap, ya mutu ba zato a watan Yuni. Aka dawo da wani dattijo da ya riga ya yi ritaya, William Stockley, wanda bai fahimci salon ba. Takardun sun iso a makare. Madugun, Hans Richter, bai sami cikakken littafin ba sai dab da lokaci. A ranar 3 ga Oktoba mawaƙan suka kasa, muryoyi suka riƙa zamewa ƙasa, Elgar ya tafi gida cikin baƙin ciki. Hiawatha kuwa, a bakin wannan taro, ta sha tafi.

Masu goyon bayan ƙwararru sukan kafa hujja da wannan rana. Sai dai abin da ya biyo baya ya rage wa hujjar ƙarfi. A watan Disamba na 1901 Julius Buths ya gabatar da Gerontius a birnin Düsseldorf na Jamus cikin nasara, kuma mawaƙansa su ma 'yan ƙungiyar gari ne, ba masu albashi ba. A 1902 mawaƙan Sheffield, waɗanda Henry Coward ya horar, suka rera ta yadda ya kamata. Coward shi kansa yaron maƙerin wuƙaƙe ne a dā, wanda ya koyar da kansa kiɗa. Abin da Birmingham ta rasa lokaci ne da malami, ba albashi ba.

Bambancin gaskiya a nan yake. Ƙwararre yana karanta takarda nan take, ya iya aiki mai wuya cikin atisaye biyu ko uku. Ɗan sa-kai yana buƙatar watanni. Idan ya samu, yakan zo da abin da kuɗi ba ya saye, domin ya haddace waƙar, kuma wannan dare ɗaya shi ne abin da ya yi ta jira tun farkon shekara.

Bayan wannan lokaci dangantaka ta yi sanyi tsakanin Coleridge-Taylor da Elgar, haka ma da August Jaeger na kamfanin Novello, wanda a dā shi ne babban mai tallata shi. Manyan waƙoƙin da ya tsara daga baya domin bukukuwan Leeds a 1901, da Sheffield a 1902, da Hereford a 1903, babu wadda ta kama ƙafar Hiawatha.

Mawaƙan Washington

Inda sa-kai ya fi ma'ana a rayuwarsa shi ne Amurka. Tun yana matashi ya haɗu da marubucin waƙoƙi baƙar fata Paul Laurence Dunbar a Landan, kuma a shekarar 1900 ya halarci taron farko na haɗin kan baƙar fata na duniya da aka yi a birnin, wanda W.E.B. Du Bois ma ya halarta.

A shekarar 1901 wasu baƙar fata na birnin Washington, bisa jagorancin wata mata mai suna Mamie Hilyer, suka kafa ƙungiyar mawaƙa suka sa mata sunansa. Burinsu shi ne su iya rera Hiawatha, sannan su gayyato mai ita ya jagorance su. Wannan zamani ne na wariyar launin fata, lokacin da ƙofofin ƙungiyoyin farar fata da manyan zauruka ke rufe gare su, kuma ake yaɗa cewa baƙar fata ba zai iya irin wannan waƙa ba. A wurinsu, tsayuwar mutum kimanin ɗari biyu a kan dandamali da littafi a hannu amsa ce ga wannan magana.

Ya amsa gayyatar a watan Nuwamba na 1904. Abin lura shi ne, bai yi shakkar mawaƙan ba, amma ya dage a kan a samo ƙwararrun makaɗa. Daga ƙarshe makaɗan rundunar sojan ruwa ta Marine, waɗanda farar fata ne, su ne suka zauna a gabansa suna bin sandarsa. An yi wasan a Washington da Baltimore. Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadar White House, abin da ba kasafai ake yi wa baƙar fata ba a lokacin.

A shekarar da ta biyo baya ya wallafa wani kundi na kiɗan piyano guda 24 da ya gina a kan waƙoƙin Afirka da na baƙar fatar Amurka, Booker T. Washington ya rubuta masa gabatarwa. Ya sake komawa Amurka a 1906 da 1910.

A tafiyar ƙarshe ne, a wani biki a garin Norfolk na jihar Connecticut, makaɗan New York suka laƙaba masa sunan Mahler na Afirka, suna kwatanta shi da Gustav Mahler, wanda ke jagorantar babbar ƙungiyar makaɗan birninsu a lokacin. Kiɗan mutanen biyu bai yi kama ba ko kaɗan. Amma a abu ɗaya sun haɗu. A ranar 12 ga Satumba na wannan shekara ta 1910, Mahler ya gabatar da Simfoni ta Takwas a birnin Munich da mutane fiye da dubu, kuma manyan mawaƙansa ɗari biyar daga ƙungiyoyin waƙa na Vienna da Leipzig suka zo, ga kuma yara 350. Ko shi, duk da tsananinsa, bai da inda zai samo wannan adadi in ba daga masu sha'awa ba.

Neman abin sawa a baka

A gida Ingila, suna ya yi yawa amma aljihu ba nauyi. Don haka ya rungumi duk aikin da ya samu. Ya koyar a Kwalejin Kiɗa ta Trinity daga 1903, daga baya kuma a makarantar Guildhall. Ya jagoranci ƙungiyar mawaƙa ta Rochester, da ƙungiyar Handel Society ta Landan daga 1904 har mutuwarsa. Ya riƙa tsara kiɗan wasannin kwaikwayo. Ya yi ta zirga-zirga a jirgin ƙasa zuwa garuruwan Ingila da Wales domin alƙalancin gasar mawaƙa, inda sau da yawa waƙarsa ce ake gasa a kai.

Ya rubuta wasan opera mai suna Thelma, amma bai ga an yi shi ba. Sai a shekarar 2012 aka fara gabatar da shi a Croydon. Waƙarsa ta 1911, A Tale of Old Japan, ita ce ta ɗan farfaɗo da kasuwarsa a wurin ƙungiyoyi.

A ƙarshen watan Agusta na 1912 ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta West Croydon. Ciwon huhu ne ya kama shi, kuma mutane da yawa sun danganta shi da gajiyar aiki. Ya cika a ranar 1 ga Satumba, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyu, Hiawatha da Gwendolen, wadda daga baya aka fi sani da Avril, ita ma mai tsara kiɗa.

Da aka gane halin da iyalin ke ciki, sai aka shirya wasan tunawa da shi a Royal Albert Hall domin tara musu kuɗi, Sarki George na Biyar kuma ya amince a riƙa ba matarsa fanshon fam 100 a shekara. Batun gini 15 ya tayar da muhawara a jaridu, kuma ana yawan ambaton sa cikin abubuwan da suka share fagen kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu kiɗa ta Birtaniya, Performing Right Society, a shekarar 1914.

Gashin tsuntsu a Albert Hall

Ƙololuwar farin jinin Hiawatha ta zo ne bayan mai ita ya kwanta dama. Daga 1924 zuwa 1939, kusan kowace bazara, ƙungiyar Royal Choral Society takan mayar da zauren Albert Hall tamkar dajin Amurka har tsawon mako biyu. Ɗaruruwan mawaƙan sa-kai sukan sa tufafi irin na 'yan asalin Amurka, da gashin tsuntsu a ka, su rera waƙar da ka suna yawo a fili. Yawanci su suke ɗinka kayansu. Madugun da aka fi danganta wa wannan wasa shi ne Malcolm Sargent, kuma kuɗin da ake samu ya taimaka wajen riƙe ƙungiyar. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo ƙarshensa.

Bayan yaƙin, ƙasar da waƙar ta tsiro a kai ta fara zaizayewa. Rediyo da faifai, daga baya talabijin, sun ba mutane abin yi da dare. Kunne kuma ya canja. Wanda ya saba jin faifan da aka tace, ba ya haƙuri da taron da ke jan ƙafa. Gidajen rediyo suka fara ɗaukar mawaƙa aiki: BBC ta kafa nata rukunin a 1924, wanda ya zama BBC Singers, Berlin ta kafa nata a 1925. Daga shekarun 1960 ƙananan ƙungiyoyi irin su Monteverdi Choir, wadda John Eliot Gardiner ya kafa a 1964, suka nuna cewa Handel da Bach sun fi fitowa da muryoyi kaɗan masu horo. Abin da Shaw ya nema ya tabbata bayan shekara saba'in.

Duk da haka ƙwararru ba su ƙwace fagen duka ba, kuma dalilin lissafi ne. Simfoni ta Tara ta Beethoven, ko ta Takwas ta Mahler, ko Gerontius, suna buƙatar muryoyi ɗari zuwa sama domin su keta ƙarar makaɗa, kuma biyan wannan adadi ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyi. Abin da aka yi shi ne tsaurara sharuɗɗa. Philharmonia Chorus, da aka kafa a 1957 domin rera Simfoni ta Tara a ƙarƙashin Otto Klemperer, da London Symphony Chorus ta 1966, da mawaƙan Atlanta da Robert Shaw ya haɗa a 1970, duk da 'yan sa-kai aka gina su, amma sai an jarraba mutum kafin ya shiga, a kuma riƙa sake jarraba shi. A Chicago an gauraya masu albashi da masu sa-kai. Jamus ce ta fi riƙe manyan rukunonin masu albashi, saboda gidajen rediyonta na gwamnati. A Birtaniya kuwa, a watan Maris na 2023 BBC ta sanar da shirin rufe BBC Singers, mai mawaƙa ashirin, domin tsimin kuɗi, sai da aka yi ca a kanta sannan ta janye.

Wannan sabon ɗan sa-kai, wanda ya iya Mahler da Britten, ba shi ne akawun Croydon da Coleridge-Taylor ya rubuta wa waƙa ba. Hiawatha ta zama abin da ake gani tsohon yayi. Lokacin da aka ɗauki dukkan kashi ukun a faifai a farkon shekarun 1990, a ƙarƙashin Kenneth Alwyn, mawaƙan gidan opera na Wales ne suka rera, wato masu albashi.

Sunan mutumin dai ya dawo ta wata ƙofa. A 1975 an manna allon tunawa mai launin shuɗi a gidan da ya zauna a South Norwood. A watan Satumba na 2015, ƙungiyar makaɗa ta Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar wani ɗan Najeriya, ta kafa domin makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru, ta buɗe wasanta na farko a Landan da kiɗansa na Ballade na 1898. Tun daga nan an yi ta ɗaukar ayyukansa na goge da piyano da ƙananan rukunin makaɗa a faifai, kuma a 2025 an yi bukukuwan cikarsa shekaru 150 da haihuwa.

Waɗannan ayyuka ƙwararru kaɗan sun isa su yi su. Cikakkiyar Hiawatha kuwa takan ɗauki kimanin sa'o'i biyu, tana buƙatar babban taro da watanni na atisaye, ga kuma tambayoyin da ake yi a yau game da yadda Longfellow ya siffanta 'yan asalin Amurka. Kashi na farko, Walimar Auren, shi ne ƙungiyoyin garuruwa kan ɗauko jefi-jefi.